Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A Nowel ɗin da ya wuce, wato Kirsimeti, matashin mai wa'azin da aka kawo mana ya buɗe Linjila a shafinta na farko, ya dubi rubutun, ya dube mu, ya yi murmushi. Ya ce, "Ƴan'uwa, nan jerin sunaye ne kawai, wane ya haifi wane. Bari mu tsallake zuwa inda labari ya soma." Jama'a suka yi ƴar dariya irin ta wanda aka sauke wa kaya, mai ganga ma har da ɗan bugu ɗaya. Ni dai ban yi dariya ba. Jikata da ke zaune kusa da ni ta leƙo fuskata ta ce, "Kaka, ƙafar ce?" Na ce mata ƙafar ce. Ta ina zan fara yi wa yarinya bayani a tsakiyar sujada, ga lasifika tana ruri kamar za ta ɗage kwanon rufi? Ban ga laifin mai wa'azin ba, haka ya taso ya tarar. Amma tun ranar abin yake cina, kuma tunda idona bai gama mutuwa ba, na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani da ƙuruciya game da sunayen nan da ake tsallakewa.

Garinmu Gaya, wadda na tashi a cikinta, ba wannan ba ce da kamyo, manyan motocin kaya, ke jeruwa tun daga gada har bayan gari, baburan kabu-kabu na ratsa mutane ba sannu ba gafara. A lokacin kana iya sanin sa'a da kunne. Da asuba muryar ladan ce tsirara, ba na'ura, sai ka ji tsufansa a cikinta. Bayan ita sai tabarya ta karɓa, gida ya amsa wa gida, har unguwa ta ɗauka. Da hantsi masu muruci su shigo da kiransu, jakuna su wuce da gishirin Foga a ɗaure cikin kaba, matan Dandawa su tsaya bakin ƙofa suna gaisuwarsu ta "fofo, fofo" da uwata, ita tana mayar musu da rabin Hausa rabin Dandanci. Aikina shi ne ruwa da wanki. Mukan sauka gulbi mu ƴammata da ƙullin kaya a ka, mu yi ta bugun tufafi a kan dutse muna gulmar samarin da ke gyaran taru a gefe, su kuma suna yi kamar ba su ji. Yanzu jikokina suna murɗa famfo su ce sun gaji. Ba na ce musu komai, don na san idan na fara sai su ce Kaka ta hau tsohon labari.

Mu masu bin Almasihu ba mu cika gida goma ba a garin. Majami'armu ɗakin laka ce da jinka, tagoginta ramuka ne kawai ba marfi, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a bishiya. Maƙwabtanmu duk Musulmi ne, kuma ba zan yi musu ƙarya ba, zaman lafiya muka yi. Da Layya kwanukanmu kan cika da nama har uwata ta rasa inda za ta shanya, da Nowel mu ma mu zaga da shinkafa. Akan yi mana tsiya, mu ma mu rama. Abin da ba mu da shi, wanda kowane yaro a unguwar ke da shi, shi ne ƙauye. Idan aka ba da hutun lakol, wato makaranta, sai ka ji wannan za ta Yelu wurin kakanninta, wancan za shi Bengu a yi masa sabon wando. Mu sai mu zauna gida. Na taɓa tambayar uwata me ya sa, ta ce in je in duba tukunya kada ta kama.

Ubana tela ne. Dogo ne, ba ya son surutu, kuma idan ya ce a'a to gara ka je ka roƙi bango. Kekensa na ƙafa yana zaure, ƙararsa ce ke tashe mu ita ce ke raka mu barci. A kan wani ɗan katako sama da keken yake ajiye Littafi Mai Tsarki, naɗe cikin ƙyallen atamfa. A farkon littafin akwai farin shafi mai layuka da aka bari don a rubuta iyali. Ubana ya rubuta sunansa na baftisma a layin farko, can sama, har harufan suna taɓa bakin takarda, don kada a ce akwai wurin wani a bisansa. Ƙarƙashi sai uwata, sai ni, sai ƙannena. In an tambaye shi sunan mahaifinsa, ko a ofis ko a ina, sai ya ce Ibrahim. Haka aka rubuta masa a takardunsa. Ni kuwa har na kai shekara goma sha biyar ina alfahari da cewa kakana Ibrahim, ina faɗa wa ƙawayena, ban san cewa Ibrahim na cikin Littafi yake nufi ba, wanda aka ce duk mai bangaskiya ɗansa ne.

Daga baya na tsinci labarin guntu-guntu. Mutanenmu Sarkawa ne, masunta, a wani ɗan ƙauye na bakin ruwa wajen Tunuga. Ubana ne ɗan fari. Ya zo Gaya koyon ɗinki yana saurayi, a nan ya ji bishara ya karɓa. Da ya koma ya faɗa, mahaifinsa ya tara mutane a ƙofar gida, ya karɓe masa mashin kifin da ya ba shi ranar da ya fara shiga jirgi, ya ce daga yau ba shi da ɗa mai wannan suna. Shekaru suka wuce, tsohon ya rasu, ba a aiko ba sai da aka yi sadakar uku. Ranar da labari ya iso ubana bai yi kuka a gaban kowa ba, ya dai rantse ba zai ƙara furta sunan mutumin ba, ba kuma zai ƙara taka ƙauyen ba. Yakan ce mai bi sabon mutum ne, abin da ke baya ya wuce. A lokacin ina jin maganar kamar ƙarfin bangaskiya. Yanzu da na tsufa na san akwai bangaskiya a ciki, akwai kuma ciwo da taurin kai, an dama su wuri ɗaya har shi kansa ba ya iya rabewa.

Mutum ɗaya ce daga can ba ta yanke mu ba, ƙanwar ubana, Gwaggo. Takan zo da kwandon kifin banda sau uku ko huɗu a shekara, ta sayar a kasuwa, ta kwana biyu gidanmu. Gajera ce mai faɗi, bakinta ba ya hutawa, kuma ita kaɗai ce a duniya ke iya zama a zauren ubana ta faɗa masa abin da ta ga dama. Takan shimfiɗa ɗankwalinta ta yi sallarta a tsakar gidanmu, uwata ta zuba mata ruwa a buta. Ba ta taɓa cewa mu dawo ba, ba a taɓa ce mata ta shigo ba.

A shekarar da nake ba da labari, ta iso ana saura kwana biyu Nowel, kwandonta rabi. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta shiga zaure.

"Yaya, Inna ba lafiya. Tun lokacin kaka take kwance, yanzu ko kunu sai an ɗaga ta."

Ubana bai tsayar da keke ba. Ya ce, "Allah ya ba ta sauƙi. Zan ba ki abin da za ki sai mata magani."

"Ba magani na zo nema ba."

"To ba ni da abin da kika zo nema."

Ina bayan labule ina jin su. Ranar na fara sanin cewa ina da kaka a raye, mai numfashi, tafiyar yini ɗaya a jirgi daga inda nake tsaye. Na ji haushin ubana, haushin da ban taɓa jin irinsa ba, amma a zamaninmu haushin uba a ciki ake haɗiye shi.

Fastonmu na lokacin tsoho ne, idonsa ya fara yin hazo, don haka ya ɗora mini karatun ranar Nowel tunda ni ce na fi nisa a lakol. Shi ba ya tsallake komai. Duk shekara sai an karanta jerin nan daga Ibrahim har zuwa Yesu, mu kuwa yara mun ƙi jinin wurin. Sunaye ne wasu kamar tsakuwa a baki, sai ka yi tuntuɓe ƴan bayanka su ƙyalƙyale. Manya ma gyangyaɗi suke yi, ba mu kaɗai muka ƙosa ba. Na kwana biyu ina bita a gindin murhu har uwata ta ce in rufa mata asiri kada tuwo ya ɗauki sunan wani sarki. Ranar da safe na tsaya gaban jama'a da sabuwar rigar da ubana ya ɗinka mini, na fara. Gwaggo ba ta shiga majami'a, amma zaman gida ita kaɗai ya ishe ta, sai ta biyo mu ta zauna a inuwar bishiyar ƙararrawa, dab da tagar da ba ta da marfi. Ina karatu ina hango ƙeyarta. Da farko tana ɓare gyaɗa. Can na ga hannunta ya tsaya, ta juyo da kunne.

Da na gama, tsohon ya miƙe yana dafa tebur. Ya ce, "Na ga wasu sun yi barci. Ba komai, ku kun gaji da ji, Allah bai gaji da ƙirgawa ba." Aka yi dariya. Ya ce mu duba mutanen da ke cikin jerin nan da kyau. Akwai masu tsoron Allah, akwai wanda ya yaudari mahaifinsa makaho, akwai sarkin da ya ɗauke matar sojansa, akwai waɗanda suka bauta wa gumaka, akwai mata baƙi daga wasu ƙabilu, ɗaya ma sana'arta ba ta faɗuwa gaban yara. Ya ce, "Da ni da ku aka ba alƙalami, da mun goge rabi don kada a ji kunya. Amma Almasihu bai ji kunyar kakanninsa ba. Bai faɗo daga sama kamar ƙanƙara ba, ta cikin gida ya biyo, gida irin namu mai nagari da mugu. Wasu a cikinsu ba mu san komai a kansu ba sai suna, amma da an cire ɗaya da jerin ya tsinke." Ban san ko da ubana yake ba. Na dai saci kallonsa na ga yana duban ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

A gida, ana cikin cin shinkafa, Gwaggo ta tsame hannu ta dube ni.

"Ke ƴar nan, abin da kika karanta ɗazu, a cikin littafinku yake ko ke kika shirya?"

Na ce a ciki yake, shi ne ma farkon Linjila.

"Na ji Ibrahim, na ji Yakubu, na ji Dawuda da Sulemanu. Waɗannan ai na san su. Ashe ku ma kuna jan igiya."

Na tambaye ta mece ce igiya. Ta ce a gidanmu, ranar suna, bayan liman ya raɗa wa jariri suna kafin wanzami ya sa aska, dattijon gida yakan ɗauki yaron ya jero masa ubanninsa a kunne, ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanda ya fara kafa bukka a bakin ruwan har zuwa kansa. Shi ake kira jan igiya. Ta ce tun da mahaifinsu ya rasu abin ya lalace, ƙanensu da ke riƙe da gida kuwa sunaye huɗu kawai ya iya, daga nan sai ya yi tari ya ce da sauransu. Wadda ta san igiyar duka Inna ce, don auren gida aka yi mata, ita da mijinta kakansu ɗaya. Ta ce, "Ranar da ta rufe ido, shi ke nan, mun zama kamar waɗanda ruwa ya kawo."

Na ce, "Ni dai na san ɗaya. Kakana Ibrahim."

Gwaggo ta ture kwanon gabanta. Ta juya wajen zaure ta ɗaga murya yadda za a ji. "Wane Ibrahim? Yaya, abin har ya kai nan? Littafinka ya jera na kirki da na banza bai zubar da ko ɗaya ba, kai ka fi littafin naka tsarki ne?" Na kama zaninta na ce to ta faɗa mini sunan. Ta ce, "Ba daga bakina ba. Mai abin yana nan da ransa."

Da la'asar na yi abin da har yau nake mamakin inda na samo ƙarfin halinsa. Na shiga zaure, na miƙa hannu na sauko da Littafin daga kan katako, na buɗe farin shafin, na ajiye a kan keken, bisa rigar da yake ɗinki. Na durƙusa na ce, "Baba, wa ya haife ka?" Na gama shirin shan mari. Ya daɗe yana kallon shafin. Sai ya rufe littafin a hankali, ya naɗe shi, ya mayar wurinsa, ya ce in je uwata tana kirana. Uwata ba ta kira ni ba. Na fita na zauna bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Kwana biyu suka wuce. A rana ta uku, Gwaggo na ɗaure kayanta, ya kira ni ya ce, "Ɗauko kayenki na rubutu da alƙalamin bik. Ki bi gwaggonki ki rubuto abin da tsohuwa za ta faɗa. Ni zan raka ku bakin jirgi." Ya raka mu bakin jirgi. Da muka shiga sai ya tsaya yana duban mai tuƙin, ya ce wannan yaron bai iya riƙe filafili ba, ba zai bar ƴarsa a hannunsa ba, zai raka mu zuwa mashigin ƙauye ya juyo. Mai jirgin, wanda furfura ta fara fito masa, ya buɗe baki zai yi magana, Gwaggo ta taka masa ƙafa. Haka muka gangara. Ruwa ya cika a lokacin, shinkafa ta nuna a fadamu, ana ta yanka daga cikin jirage, giginyu a jere a gaɓa. Ban taɓa ganin ubana a kan ruwa ba. Ba a yi nisa ba ya karɓi sandar tuƙi, sai ga telan nan mai ciwon baya ya miƙe tsaye a gindin jirgi kamar jiya ya sauka. Da muka iso mashigi ya ce rana ta yi zafi, zai raka mu bakin gari ya sha ruwa. A bakin gari ya dai ci gaba da tafiya a bayanmu, kansa a ƙasa. Maza duk suna fadama wurin yanka, sai tsofaffin mata a ƙofofi suna bin mu da ido suna rufe baki da hannu.

A ƙofar ɗakin Inna ya tsaya. Ya tsuguna a waje, ya jingina da bango, ya ce nan ne iyakarsa. Gwaggo ta tura ni ciki, ta ce za ta je ɗebo ruwa, ta ɗauki tulun da na ga a cike yake ta fita.

Ɗakin yana warin hayaƙi da man kaɗanya. Tsohuwar tana kwance a kan gadon kara, ƴar ƙarama, ba ta fi ƙanwata girma ba. Ta sa na matso, ta shafa fuskata da hannu tun daga goshi har haɓa. Ta ce, "To, ƙawata, sai yau? Dogon hanci kamar na mutanen gidan nan, ba kyau sai tsawo." Na yi dariya hawaye na zuba. Ta san wanda ke tsugune a waje, inuwarsa tana kwance a bakin ƙofa, amma ba ta tambaya ba. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da uwa ke kiran ɗanta na fari da sunansa tsirara a tsakiyar kasuwa, mata na kiran miji kamar tana kiran ɗan aike. A wancan zamani mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma ba ƙiyayya a cikinta. Inna ta haifi ubana, ta goya shi, ta ga an kore shi, duk ba ta taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya.

Na buɗe kaye a gwiwa. Ta rufe ido ta fara, muryarta ta canza ta zama kamar mai waƙa a hankali. Ta faɗi na farko, wanda ya zo daga wajen Kabi da jirgi ɗaya da mata ɗaya. Ta faɗi ɗansa, wanda ke yanka baƙin bunsuru yana zuba wa ruwa jini, don a lokacin ba a fara salla a gidan ba. Ta faɗi wanda ya fara salla. Ta faɗi wani ta ce, "Wannan ɓarawon taru ne, an taɓa ɗaure shi a kasuwa. Rubuta shi, ta kansa muka biyo." Ta faɗi wanda ya auro Bafulatana aka yi shekara ba a gaishe shi ba, wanda dorina ta kife wa jirgi ya fito da ƙafa ɗaya, wanda ba a san komai a kansa ba sai dai ya rayu ya haihu. Ina rubutu ina jin maganar tsohon fastonmu tana dawo mini. Da ta zo kan surukinta ta yi ƙasa da murya ta faɗa da sauri, kamar mai sauke tukunya mai zafi. Na ƙirga, goma.

Sai ta tsaya.

Na ce, "Inna, sai wa?"

"Sai mai gidan nan. Mai zafin zuciya, in ya faɗi magana ko tana cinsa ba ya janyewa. Na san wani mai irin halin."

"Sunansa fa?"

"Ke, a ina aka raine ki? Ni zan faɗa?"

Na zauna da bik a hannu, layi na goma sha ɗaya fari fat. Gwaggo ba ta dawo ba, kuma na gane ba za ta dawo yanzu ba. Mutum biyu ne a wurin suka san sunan, ɗaya kunya ta hana ta, ɗaya rantsuwa. Ina jin kaji a tsakar gida, ina jin numfashin tsohuwar yana fita da ƙyar. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na fara tunanin in rufe kayen in bar wurin a haka.

Daga bakin ƙofa aka faɗi sunan. Muryar ta yi ƙasa har ban ji sosai ba, na ce, "Baba?" Ya sake faɗa, a fili wannan karon, ya ƙara da cewa, "Shi ya haife ni." Na rubuta.

Inna ta ce, "Saura ɗaya."

Inuwar da ke bakin ƙofa ta motsa. Ubana ya sunkuyo ya shigo, ya durƙusa nesa da gadon. Ya ce, "Inna, a nan igiyar ta tsaya ta wajena. An cire ni a gaban mutane, kina tsaye."

Ba ta dube shi ba, rufin ɗaki take kallo, kuma da ni ta yi maganar kamar yadda al'ada ta tanada. Ta ce, "Ƙawata, gaya wa wancan, wanda ya cire shi, da baki kawai ya cire shi. Duk sunan da aka yi a gidan nan, in sun zo wurin sun tsallake, ni ina cikewa a zuci. Hanyar da ya bi ban san ta ba, Allah ya san ta. Ki rubuta sunan da yake amsawa yanzu, ki rubuta na gidan nan a gabansa, duk mutum ɗaya ne."

Na rubuta na baftisma, wanda na sani. Na juya wajen ubana ina jiran ɗayan, don ban taɓa jin sa ba. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ya kife fuska a tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Na ce a raina to wannan layin zai zauna rabi.

Sai tsohuwar ta juyo da kanta a kan matashi, ta dube shi sosai, ta kira shi. Sunan da aka raɗa masa a ƙofar ɗakin nan, wanda ta riƙe a ciki fiye da shekara arba'in bai taɓa hawa harshenta ba. Ba zan sa shi a nan ba, ubana ne, ni ma ina da tawa kunyar. Ta faɗe shi a hankali, kamar tana tsoron kada ya fashe.

Ubana ya matso da gwiwa har bakin gadon, ya ɗora goshinsa a kan hannunta.

Ya ce, "Na'am, Inna."